Randar Gindin Tsamiya

Sagiru, ajiye wayar nan ka dube ni, don raina a ɓace yake. Wai ka gaji da muryar Hausar nan da ka haɗa wa wasan ƙwallo na waya, wadda mutane ke saukewa kyauta, shi ne za ka goge ta yau ba tare da ka ce wa kowa uffan ba, har waɗanda suke tsakiyar gasa su buɗe su tarar wayam. Dalilinka wai ba wanda ya biya ka, kuma zaginsu ya ishe ka. To na ji. Kafin ka danna komai, saurari labarin wani manomi.

Gonarsa tana bakin hanyar da ke zuwa kasuwar mako, a daidai tsakiyar tafiya, inda babu rijiya babu rafi. Wata rana ya ga matafiya suna wucewa leɓe a bushe, tausayi ya kama shi, ya kafa randa a gindin tsamiya, ya rataya moɗa a reshe. Kullum da safe sai ya ɗora wa jakinsa ruwa ya je ya cika ta. Ba wanda ya sa shi. Kafin randar nan, duk mai bin hanyar da goransa yake tafe. Bayan shekaru, goruna suka fashe a rataye, ba wanda ya damu ya nemi sabo, tunda ga ruwa can a gindin tsamiya. Sai kuma halin ɗan Adam ya motsa. Wannan ya sha ya ce ruwan da ɗumi. Wancan ya wanke ƙafa da shi. Wani ya tafi da moɗar gida. Har aka sami marar kunyar da ya tarar randar ta yi rabi, ya bi manomin har cikin gonarsa yana masa faɗa, sai ka ce ubansa ne ya ɗauke shi aiki. Wallahi ni ma da zan gaji, kuma ba wanda zai ga laifinsa don ya ce ya bari. Amma dubi yadda ya bari! Ranar jajibirin kasuwa, ana tsakiyar bazara, ya ɗauki gatari ya fasa randar, don kada ma wani ya ce zai ci gaba da cika ta. Bai gaya wa mai unguwa ba, bai sa an faɗa a masallaci ba. Ya koma gida yana huci, wai yau zai koya musu hankali.

Su wa ya koya wa? Masu zagin nasa ƙarti ne, suka zo suka ga tsingaro, suka ƙara masa wani zagin suka yi gaba abinsu. Wadda abin ya faɗa wa wata tsohuwa ce mai kai daddawa kasuwa, wadda ba ta taɓa ce masa komai ba sai Allah ya saka da alheri, ita ce ma take share gindin tsamiyar duk mako. Ta iso rana tsaka da ƙwarya a ka, ta yi ta haɗiyar yawu tun daga nesa tana lallashin kanta da cewa saura kaɗan. Ta tarar da fasassun kasko da busasshen gurbi. Komawa da nisa, gaba da nisa. A can gaban gonar masu amalanke suka tsince ta a kwance, daddawa a warwatse cikin rairayi, da kyar aka samo ranta. Da manomin ya je duba ta, kunya ta hana shi ɗaga kai, ya fara kame-kame cewa ai ruwan nasa ne, jakin nasa ne. Ta ce, "Ɗan nan, ba wanda ya ce ba naka ba ne. Da ka faɗa mana kasuwar da ta wuce, ai da na zo da gorana." Daga ranar aka manta da shekarun da ya yi yana shayar da mutane, sunansa a garin ya koma mai fasa randa.

To kai ma randa ka kafa, Sagiru, ka kuma sa mutane suka ajiye gorunansu. Ba dolenka ba ne ka yi ta ɗiban ruwa har ka mutu. Amma ka fito ka ce ka gaji, ka sa musu rana su gama gasarsu, ka bar abin a inda wani mai ƙarfi zai ɗauka ya ci gaba. Masu zaginka ba za su ko ji a jikinsu ba. Mai yi maka addu'a shiru ita za a tsinta a hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya.