Bakin Igiya

Ƙaramar tirelar da na jawo da mota na shiga ruwa, jirgin robarmu ya zame daga kanta ya yi gaba, autana a ciki shi kaɗai. Na diro daga mota na faɗa ruwan da takalmana. Sai da ya kawo min wuya na cafko jirgin.

Muna fitowa na huce a kan yayarsa.

"Abu ɗaya na sa ki, riƙe igiya! Gandamemiya da ke!"

"Baba, wallahi ban saki ba."

"Rufe min baki!"

Ta buɗe hannu, ga bakin igiyar nan a ciki. Igiyar ta shata mata jan layi a tafi. Ɗaya bakin kuwa yana kan yashi, inda na ajiye shi da na ce bari in amsa waya tukuna in ɗaura wa jirgin.