Hannun Babbar Riga

"Alhaji, sai ka cire babbar rigar nan tukuna."

Hannun Alhaji na kan makunnin sabon injin sassaƙa ƙarfe da jirgin ƙasa ya sauke masa a Funtua, domin gyaran garmar manoma. Makanikin da ya zo daga Zariya ya kafa shi a siminti, ya ɗaure kowane noti, ya mayar da 'yan kallo bakin ƙofa.

"A gaban jama'a? Rigar da na ɗinka domin yau?"

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe," in ji makanikin.

Alhaji ya cire ta yana huci. Makanikin ya kunna injin ba ƙarfe a ciki, ya saurari ƙararsa, sannan ya ɗaura tsumma a bakin doguwar sanda ya kai ta jikinsa inda yake juyawa. Kafin ƙiftawar ido injin ya fizge tsumman ya nannaɗe, sandar ta karye. Makanikin ya kashe shi.

Alhaji ya daɗe yana shafa hannunsa. Sai ya ninke rigar ya miƙa wa makanikin.

"Taka ce, Malam. Allah Ya saka da alheri. Amma ka bari sai ka fita waje ka saka."