Ramin Mabiyiya

Tun da hukuma ta hana barin ƙasa tsirara, motar feshi ke bi gida-gida tana watsa koren kunun iri da dusar katako. Ciyawa ta rufe kowace tsakar gida, amma ko akuya ba ta sunsunar ta.

Ranar da Lantana ta haihu, Goggo Tabawa ungozoma ta ɗauki fartanya za ta binne mabiyiya a bayan ɗaki.

"Goggo, an fa hana tono," in ji Sallau, mijin Lantana.

"Kai taka a bola aka jefar? Matsa min!"

Ta tona, ta binne. Washegari babu alamar ramin. Ba a yi iska ba, amma ciyawar gidan kaf ta kwanta, kowane tsini ya nufi ƙofar ɗakin jaririn.