Bututu Mai Faɗin Dunƙulen Hannu

Zauna in ba ka misali, tunda na ga idonka na kan abin hannun maƙwabcinka. An yi wani direba mai tsohuwar a-kori-kura, aikinsa ɗaukar tumatir daga lambunan fadama zuwa kasuwar gari. A tsakani akwai wani dogon hawa mai wahalar da mota. Motarsa tana hawansa, amma da nishi, a giya ta ɗaya, har mai jaki kan yi masa sannu. Duk da haka shekara tara masu lambu ba su taɓa ba wani lodinsu ba, domin ko ba ya sauri yana isa. Kwatsam sai ga wani direba ya shigo hanyar da mota irin tasa sak, amma an ɗaura wa injinta turbo, wata fanka ce a cikin ƙoƙon ƙarfe, hayaƙin inji ke juya ta, ita kuma ta dinga ɗura wa injin iska ya ƙara ƙarfi. Kullum a tsakiyar hawan nan sabon direba zai wuce shi, ya danna masa ham sau biyu. Ham ɗin nan ya tsaya wa mutumin namu a rai. Da masu lambu suka fara zancen wanda ke riga kai kaya kafin rana ta yi, sai ransa ya ɓaci matuƙa, ya rantse ba za a ƙwace masa lodi yana ji yana gani ba.

Ran nan abokin hamayyarsa ya shiga rumfa cin tuwo, sai mutumin namu ya zagaya bayan motar ya tsuguna. Ya ga bakin salansa, wato bututun fitar hayaƙi, wangame, ya cusa dunƙulen hannunsa ya shige. Shi ke nan, a ganinsa ya gano asiri. Bai leƙa ƙarƙashin mota ba, balle ya buɗe gaba ya ga yadda aka haɗa. Ya tafi kasuwar 'yan gwangwan ya samo tsohuwar turbo, ya sa aka yanko masa bututun rijiyar burtsatse mai faɗin dunƙulen hannu, ya kinkimo ya dire gaban wani dattijo mai walda. Ya ce a ja masa shi tun daga inji har baya, kada a rage ko inci. Dattijo ya juya bututun ya ce, “Ɗana, daga inji zuwa fankar nan siriri ake sawa, don hayaƙi ya matsu ya buge ta da ƙarfi. Da bakin zugazugi ya yi faɗin ƙwarya, da maƙeri bai taɓa hura wuta ba. Bayan fanka kuwa, buɗa yadda ka ga dama.” Ai kamar ya watsa wa wuta fetur. Direba ya tuna wancan direban ma a nan yake gyara, ya ce haɗa baki aka yi don a bar shi a baya. Ya gaya wa tsohon nan, sa'an mahaifinsa, maganar da ba ta maimaituwa, ya kwashi ƙarafunansa. Ya ari injin walda ya liƙa abinsa da kansa a ƙofar gida, kwana uku yana fama, idanu jajur. Wallahi ko yanzu na tuna sai raina ya sosu, mutum ya samu mai gaya masa gaskiya kyauta ya saka masa da zagi.

Da ya tayar da mota ta yi wata irin ƙara har awaki suka watse, shi kuma ya ɗauka ƙarfi ne. Ranar kasuwa ya ce wa masu lambu a loda, a ƙara, har sai da aka ɗora ninkin abin da ya saba ɗauka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya lau. Ana fara hawa inji ya yi sanyi, hayaƙi ya bazu a cikin ƙaton bututu yana tafe a sake, fanka ta ƙi juyawa, ta zama toshiya kawai a hanyar hayaƙi. Ya taka totur har ƙasa, ya zagi motar, ya zagi mai walda, ya daki sitiyari. A daidai inda ake danna masa ham motar ta tsaya cik, kuloci na ƙauri, da ƙyar aka sa mata waigi. Rana ta take, tumatir ya fara zubar da ruwa ta gindin kwanduna. Masu lambu da suka biyo kayansu ba su tsaya jayayya da shi ba. Da wancan direban ya dawo daga sawunsa na farko, suka tare shi, suka kwashe kwandunan nan ɗaya bayan ɗaya suka mayar motarsa, babbansu ya ce daga yau lodi nasa ne.

Da aka bar mutumin namu da mota wayam, ya shiga ya tayar don ya kauce daga hanya. Babu nauyi, inji ya saki jiki ya ɗauki gudu, sai ga fanka ta farka tana fito, mota ta haye tudun nan a guje kamar sabuwa. Ya iso ƙoli cikin ƙiftawar ido, ba ko kwando ɗaya a bayansa. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.