Masu Sauraron Badamasi

Kwali goma sha biyu na maganin ƙwari ne suka maƙale a shagon Badamasi da ke Kura, kuma saura wata biyu wa'adinsu ya ƙare. In ba su fita ba, shagon ne zai rufe. Shi kansa ya gaji da kallonsu.

Sai Yusra, 'yar ƙanwarsa mai aiki a wani kamfanin talla a Kano, ta zo da dabara. Ta ce akwai manhajar rediyo da manoma ke saurare a waya, kuma ta san inda kowace waya take. Wanda ke kasuwa ya ji tallar kwando, wanda ke gona ya ji ta magani.

"Kawu, ba za mu ɓata muryarka a kan 'yan zaman majalisa ba. Sai wanda ke cikin gona."

Badamasi ya ɗauki tallar da bakinsa. Murya dai Allah ya ba shi har da ƙari, in yana waya a shago sai an ji shi a bakin titi.

Bayan mako guda Yusra ta turo sakamako. Wayoyi arba'in da ɗaya a gonakin shinkafar Bunkure, tun fitowar rana har faɗuwarta, duk suna jin tallar har ƙarshe, babu mai tsallakewa. Ko ranar Juma'a ba sa gusawa daga gona. Badamasi ya jinjina kai, ya ce waɗannan su ne manoma.

Ya share shago, ya ƙaro benci. Mako uku suka wuce, ko mai tambayar farashi bai leƙo ba. Ransa ya ɓaci, jikinsa ya yi sanyi.

Ran nan ya hau babur da tsakar rana, ya bi gefen kanal don ya ga mutanen da idonsa. Shinkafa ta fara nuna, amma gonakin wayam, sai wani dattijo yana gyangyaɗi a inuwar darbejiya. Badamasi ya yi sallama, dattijon ya buɗe ido ya washe baki.

"Kai ne mai maganin nan? Na gane muryar. Allah ya saka da alheri, bana mun huta da kaɗa gwangwani."

Kafin Badamasi ya ce wani abu, sai ya ji muryarsa tana kwarara talla daga wata tsohuwar waya da aka ɗaure a wuyan mutum-mutumi, tsuntsaye suka tashi daga kan shinkafa suka yi gaba.