Ranar da Injin Ya Wuce Barau

A masana'antar takalma ta Sharaɗa, kowace safiya kowane injin mutum-mutumi shi ke zaɓar wanda zai yi aiki da shi. Wanda ba a zaɓa ba sai ya koma gida. Shekara da shekaru inji ɗaya ke zaɓar Barau. Yau sai ya wuce shi, ya tsaya gaban ƙanensa Ilu.

"Yaya, wallahi ban kira shi ba," in ji Ilu.

"Na sani. Je ka."

Barau bahago ne, da ƙyar ya koya wa injin miƙo masa fata ta hagu. Ya tsaya bakin ƙofa yana jiran injin ya manta ya miƙa wa Ilu ta hagu. Har azahar, ta hannun dama yake miƙawa, ko sau ɗaya bai kuskure ba.