Ɗaya Audin

Nazifa ta ajiye biro, ta ce ba za ta rubuta ba. Aikinta a asibitin nan na Agege, a Legas, shi ne ba kowace cuta lambarta, lambar kuma ita ke kai mara lafiya layin likitan da zai duba shi. Yau katin babanta ne a gabanta, an rubuta masa zaizayewar ƙashin wuya, mai lamba M47.

Ita dai ta san hannun Baba mutuwa yake yi, ko kofin shayi sai ya suɓuce masa. Shanyewar jiki take tsoro. In ta sa wannan lamba, zai yi watanni a layin likitan ƙashi, ciwon gaske yana cin sa.

Ta je ta sami likitan da ya duba shi. Ya ɗaga hoton ƙashin wuyan a fitila, ya ce wannan wuya ya sha kaya, kuma Audin da ya duba, da bakinsa ya ce dako yake yi a kasuwar Mile 12.

Nan haushi ya turnuƙe ta. Babanta Malam Audi fa, dillalin albasa, mai fita da farar riga ya dawo da ita fes, wanda ya hana 'ya'yansa taka kasuwa don kada ta ɗauke musu hankali daga boko. Ta san halin masu buɗe kati: duk Bahaushe Malam ne, Audi biyu kuwa mutum ɗaya ne a wurinsu. An haɗa hoton wani da katin Baba, shi ke nan.

"Kawo mini ɗaya Audin, sai in gyara," in ji likita, ya kira na gaba.

Ta hau motar haya ta danfo zuwa Mile 12 ranta a ɓace, cunkoson Ojota ya ƙarasa ta. Ba ta nemi rumfar Baba ba, ta san faɗa zai yi. A layin albasa ta gaida wani dattijo mai ɗinkin buhu.

"Baba, don Allah Audi ɗan dako nake nema, mai ciwon wuya."

Dattijon ya nuna mata bayan wani mutum cikin tsohuwar singileti, buhu a kansa, hannu ɗaya yana reto.

"Ga shi can, 'yata. Mu Baban Likita muke ce masa, don ba shi da zance sai na 'yarsa Nazifa da ke aiki a asibitin Agege."